Namiji ko Mace: Me ke Karkata Haihuwar Barewar Kiwo?

A ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da zafi ke shigowa tsibiran Niyu Zilan, barewar kiwo ke fara zuba haihuwa. Uwar takan ware daga garke ta nemi duhuwar ciyawa ta haihu, ta ɓoye ɗan a nan, sai ta riƙa zagayowa tana shayar da shi. Mai gona ba ya matsa musu a waɗannan makonni, domin in aka dami uwar tana iya watsi da ɗan. Sai an yi wata biyu ko uku, an koro garken cikin rumfa don saka lamba a kunne, sannan zai san maza nawa ya samu, mata nawa. In maza suka rinjaya, nan take zai samo dalili: ai ciyawa ta yi kyau bara, ko kuma sabon namijin da ya saya ne mai jinin maza. Maƙwabcinsa da mata suka rinjaya a wurinsa shi ma yana da nasa bayanin. Masana sun kwashe sama da shekara 50 suna bin wannan magana, kuma abin da suka gano ya fi na masu gonar sarƙaƙiya nesa ba kusa ba.

Dabbar da ake magana a kanta ba barewar dajinmu ba ce, aron suna ne kawai don babu wanda ya fi shi kusa. Jan barewar Turai ce, wadda namijinta a gona kan wuce kilo 200, macen kuma ta tsaya wajen rabin haka. Babban bambancinta da tamu shi ne ƙaho. Na barewarmu ba ya faɗuwa har mutuwa. Nata kuwa namiji ne kaɗai ke da shi, mai rassa kamar bishiya, kuma kowace shekara yakan faɗi wani ya tsiro. Turawa ne suka kai ta Niyu Zilan tun 1851 domin farauta, ta yaɗu ta zama annoba ga dazuzzuka, har gwamnati ta ɗauki maharba aikin kashe ta. A 1969 aka halatta kiwonta, mutane suka shiga kamo ta da rai daga tsaunuka da jirgi mai saukar ungulu. Wajen 2004 garken ƙasar ya kai kusan miliyan 1.7, daga baya ya sauko ƙasa da miliyan ɗaya.

Wannan tarihi ya nuna cewa jinsin da mai kiwo ke so ba ɗaya ba ne kullum. A ƙarshen shekarun 1970, da kowa ke son kafa garke, mace ce zinariya, ana sayen ɗaya da dubban dala. Wanda ya sa gaba a kan ɗanyen ƙaho kuwa, maza yake nema. Shi ɗanyen ƙaho ana yanke shi ne yana da taushi, da gashi-gashi a jikinsa, kimanin wata biyu da fara tsirowa, bayan an yi wa dabbar allurar kashe zafi. Koriya ta Kudu da Chana ne manyan masu saye, don haɗa maganin gargajiya. (Birtaniya ta hana wannan yanka gaba ɗaya, saboda tausayin dabba.) Namiji ɗaya zai yi shekara da shekaru yana ba da ƙaho, mace ko sau ɗaya ba za ta bayar ba. Ko a wajen nama, wanda Jamus da Amurka ke saye, namiji ya fi saurin kai nauyin yanka. Ga shi kuma mace ɗa ɗaya tak take haifa a shekara, bayan ciki na kwana 233 ko kusa da haka, tagwaye sai a daɗe ba a gani ba. Don haka kowace haihuwa abin lissafi ce.

Tushen abin sananne ne. Ƙwan mace kullum kuromosom X yake ɗauke da shi (kuromosom ɗan ƙunshin gado ne da ke cikin ƙwayar halitta), maniyyin namiji kuwa rabin ƙwayoyinsa X ne, rabi Y. In mai Y ya riga isa ƙwai, namiji za a haifa. Tun 1930 masani Ronald Fisher ya bayyana dalilin da ya sa al'umma ke komawa rabi da rabi: duk lokacin da wani jinsi ya yi ƙaranci, iyayen da suka haifi irinsa su za su fi samun jikoki, sai halin haifar wannan jinsi ya yaɗu har ma'auni ya daidaita. Amma wannan lissafin garke ne baki ɗaya. Bai hana wata uwa karkata nan, wata can ba.

A wannan kafa ce Robert Trivers da Dan Willard suka shigo a 1973. Don a gane maganarsu sai an kalli yadda barbara ke gudana a daji. Da kaka ta kama, maza kan daina cin abinci, su yi ta ruri dare da rana, su haɗa ƙaho suna ture juna, har namiji ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Wanda ya yi galaba ya tattara mata ya tsare su, waɗanda aka kora su koma gefe suna kallo. Ƙaƙƙarfan namiji zai iya samun 'ya'ya a 'yan shekaru fiye da abin da mace za ta haifa duk rayuwarta, yayin da raunanan maza da yawa ke mutuwa babu ko ɗa ɗaya. Mace kuwa, ko ramammiya ce, za ta samu mai hawanta. Ke nan ɗa namiji caca ne, 'ya mace ajiya. Uwa mai ƙiba da nono isasshe, wadda za ta iya fitar da ƙato, ribarta tana ga haifar namiji. Wadda ke fama da kanta gara ta haifi mace. Ba su ce barewa na zama ta yi shawara ba. Cewa suka yi zaɓin halitta, wato yadda halin da ke ƙara zuriya ke yaɗuwa da kansa, zai iya dasa wa jikinta wata hanya ta karkata.

Wurin da aka gwada wannan da gaske shi ne Rum, wani tsibiri mai ruwa da iska a yammacin Sikotland. A 1972 aka daina harbin barewa a arewacin tsibirin, masu bincike suka shiga bin kowace dabba ɗaya bayan ɗaya. Fiona Guinness ta shahara da gane su ta fuska da siffar kunne, ta san wace ce uwar wace. Sun riƙa rubuta wace mace ke korar wace daga wurin kiwo, har suka jera su bisa matsayi. A 1984 Tim Clutton-Brock da Steve Albon da ita Guinness suka fitar da sakamako a mujallar Nature: manyan mata masu faɗa a ji, kusan kashi 60 cikin 100 na 'ya'yansu maza ne, na ƙasa kuwa ba su kai rabi ba. Abin da ya ƙara wa binciken nauyi shi ne sun bi 'ya'yan har girma, suka ga mazan da manyan mata suka haifa su ne suka fi samun zuriya. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to a Rum karin maganar ta fi aiki a kan ɗa namiji, domin matsayin uwa bai yi wa 'ya'ya mata tasiri haka ba.

Da a nan aka tsaya, da kowane mai gona ya san abin yi: ciyar da mata su yi ɓulɓul, ka kwashi maza. Sai dai garken Rum ya ci gaba da yawa tunda babu harbi, ciyawa ta yi ƙaranci. A 1999 Loeske Kruuk da abokan aikinta suka sake duba lissafin, suka tarar bambancin nan tsakanin manyan mata da na ƙasa ya ɓace bayan da garke ya cika. Suka kuma ga wani abu dabam: duk shekarar da cunkoso ya ƙaru, ko ruwan hunturu ya yi yawa, adadin mazan da ake haifa yakan ragu a garken gaba ɗaya. Ruwan hunturu yana zuwa ne bayan an riga an ɗauki ciki, don haka ba a wajen haɗuwar maniyyi da ƙwai yake aiki ba. Bayanin da ya fi dacewa shi ne cikin namiji ya fi saurin zubewa in uwa ta sha wuya. Tsibiri ɗaya, dabba ɗaya, masu bincike kusan su ne dai, amma amsar ta canza da canjin yanayi. A ganina wannan ne darasi mafi girma a duk tarihin maganar, kuma shi ne wanda masu ba manoma shawara suka fi mantawa.

A Amurka ma abin juyewa ya yi. Louis Verme, wanda ya daɗe yana aiki da barewa mai farar wutsiya a killace a jihar Michigan, ya samu cewa matan da aka ƙuntata wa abinci su ne suka fi haifar maza. Akwai bayanin da ake bayarwa: a wannan dabba 'ya mace kan zauna kusa da uwarta su yi ta rabon abinci ɗaya, namiji kuwa in ya girma tafiyarsa yake yi, saboda haka uwa mai yunwa ta fi hutawa in ta haifi mai tafiya. Ga kuma tagwaye, da suka zama ruwan dare a wurinta, suna dagula lissafi, tunda zaɓin ba tsakanin namiji da mace kaɗai ba ne, har da ɗaya ko biyu. Bayanin yana da ma'ana, amma ya kamata mutum ya ɗan tsargu. In uwa mai ƙiba ta haifi namiji an ce ka'ida ta tabbata, in ramammiya ta haifi namiji an ce wata ka'idar ta tabbata. Da irin wannan, babu sakamakon da zai rasa mai ɗaure masa gindi.

A 2004 aka yi ƙoƙarin share filin. Ben Sheldon da Stuart West sun tattara bincike da dama kan dabbobi masu kofato, suka ga alaƙar tana nan amma siririya ce, kuma ta fi fitowa in an auna matsayin uwa a garke ko halin jikinta kafin ɗaukar ciki. A shekarar dai Elissa Cameron ta kai ga matsaya makamanciya: lokacin awo ne ke raba gardama. Wanda ya auna uwa gab da barbara yakan ga karkata zuwa maza a wurin masu ƙoshi, wanda ya auna ta da tsohon ciki ko bayan haihuwa sai ya ga komai a cakuɗe. Ita ce ta kawo shawarar cewa sukarin da ke jinin uwa a kwanakin farko na iya zama sila, domin a gwajin da ake yi da ƙwan shanu a ɗakin bincike, yawan sukari ya fi yi wa tayin namiji daɗi. Daga baya ita da Wayne Linklater suka duba dawakan daji na Kaimanawa a Niyu Zilan, suka samu abin mamaki: goɗiyoyin da jikinsu ke ƙaruwa a lokacin ɗaukar ciki, kashi 80 cikin 100 maza suka haifa, waɗanda ke ramewa kuwa kashi 3 kacal. Wato ba ƙibar kanta ba ce, inda jiki ya dosa ne, sama ko ƙasa. Dawaki ne dai, ba barewa ba, kuma na daji.

Duk wannan kan uwa ne. Uban fa, wanda shi ke ɗauke da X da Y? An daɗe ana ɗaukarsa kamar ba ruwansa, sai a 2006 Montserrat Gomendio da Eduardo Roldan da abokan aikinsu a Sifaniya suka fitar da wani gwaji a mujallar Science. Sun ɗebi maniyyin maza 14 da maharba suka kashe lokacin barbara, suka ɗura wa mata sama da 300 da ake kiwo a yanayi iri ɗaya, kowace da adadin maniyyi daidai da na 'yar'uwarta. Mazan da maniyyinsu ya fi kama ciki, kuma ya fi yawan ƙwayoyi masu lafiyayyar siffa, su ne suka fi ba da 'ya'ya maza. Wani uban kashi 25 cikin 100 na 'ya'yansa ne maza, wani kuwa 72. Gwaji ne mai kyau, tunda uwar ba ta ga namijin ba balle a ce ƙahonsa ya burge ta. Amma a raba matan nan ga maza 14, a cire waɗanda cikin bai kama ba, za a ga kowane uba 'ya'yansa ba su da yawa. Zan dawo kan abin da ƙarancin adadi ke haifarwa.

Akwai kuma batun lokaci. Verme da John Ozoga sun ba da rahoto a 1981 cewa, a barewa mai farar wutsiya, macen da aka hau a farkon sa'o'in neman namijinta ta fi haifar mace, wadda aka jinkirta wa kuwa namiji. Masu shanu sun yi ta gwada wannan dabara da ɗurar maniyyi, sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. A arewacin Finlan, inda ake kiwon barewar ƙanƙara, an samu cewa matan da suka ɗauki ciki a zagayen farko na kakar barbara sun fi haifar maza a kan waɗanda suka makara zuwa zagaye na biyu. Wannan ya yi daidai da hankali, domin ɗan da aka haifa a makare bai da lokacin tara jiki kafin sanyi, kuma ƙanƙantar jiki namiji ta fi cutarwa.

To yanzu a komo gona. Kusan duk abin da ya sa aka ga karkata a Rum, kiwo ya goge shi. Mai gona yana raba mata rukuni-rukuni bisa shekaru, yana ba su ciyawar da ya shuka, da hunturu ya ƙara da wadda ya adana. Ramammu da tsofaffi yana sayar da su ga mayanka. Babu faɗan maza, shi ke zaɓar namiji ɗaya ya sake shi cikin mata 40 ko 50. A irin wannan garke tazarar da ke tsakanin babbar mace da ta ƙasa ta ragu ƙwarai, kusan kowace tana cikin ƙoshi. In akwai wata na'ura a jikin barewa da ke auna wadata da yunwa, to a gona ba ta da abin aunawa sosai. Ba wai ta mutu ba ce. A gonar gwaji ta jami'a da ke Albacete a Sifaniya, Tomás Landete-Castillejos da abokansa sun nuna cewa uwa mai ɗa namiji ta fi ba da nono, kuma nonon ya fi yawan furotin, wato namiji ya fi tsada ga uwa ko a cikin wadata. Amma tsadar raino dabam, karkata haihuwa yadda mai gona zai gani a aljihunsa dabam.

Sannan ga sa'a, wadda ta fi duk waɗannan ƙarfi a ƙaramin garke. A ɗauka babu abin da ke karkata komai, kowace haihuwa kamar jefa kwabo sama ce. Mai mata 20, a kusan shekara ɗaya cikin tara zai ga jinsi ɗaya ya kai 14 ko fiye. Mai mata 100, samun maza 42 bana, 57 baɗi, ba abin a tsaya tambaya ba ne, domin duk abin da ya faɗa tsakanin 40 da 60 sa'a kaɗai ta isa ta kawo shi. Kafin a tabbatar cewa wani abinci ya ɗaga maza daga kashi 50 zuwa 55, sai an ƙirga haihuwa ɗaruruwa da yawa a kowane ɓangare. Gonaki kaɗan ne ke da wannan adadi, gwaje-gwajen masana ma da yawa ba su kai ba. Kuma ɗan Adam ya fi tuna shekarar mamaki. Mai gonar da ya canza abinci ya samu maza 14 cikin 20 zai ba da labari a taron manoma, goma da suka yi irin canjin ba su ga komai ba shiru za su yi. Mujallun kimiyya ma suna da wannan lalura, sakamako mai ban mamaki ya fi saurin samun bugu.

Wani abin da ke ruɗa lissafi shi ne wancan jinkirin ƙirga da aka fara da shi. Abin da mai gona ke gani a rumfar yaye ba adadin haihuwa ba ne, adadin waɗanda suka rayu ne. Ɗa namiji ya fi nauyi a ciki, don haka ya fi shiga haɗarin naƙuda mai wuya, musamman a gonakin da ke haɗa jan barewa da namijin wapiti, babban ɗan'uwanta na Amurka ta Arewa, don samun manyan 'ya'ya. A Rum ma an daɗe da sanin cewa in hunturu ya tsananta, ƙananan maza sun fi mata mutuwa, saboda jikinsu girma yake sa gaba, ba tara kitse ba. Wanda ya ga mata sun yi masa yawa, kafin ya zargi namijin da ya saya, gara ya zaga gindin shinge da cikin ciyawa ya ƙirga gawa.

Hanya ɗaya ce aka tabbatar tana juya adadin yadda ake so, ita ma ba ta bi ta kan uwa ko abinci ba. Kuromosom X ya fi Y girma, don haka ƙwayar maniyyi mai X ta fi ɗaukar sinadarin gado, a shanu da kusan kashi 4 cikin 100. Larry Johnson na ma'aikatar gona ta Amurka a Beltsville ya yi amfani da wannan ɗan bambanci, a 1989 aka haifi zomaye na farko da aka zaɓi jinsinsu. Ana rina maniyyin da wani launi mai ƙyalli, a tura ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza. Wadda ta fi haske mai X ce, sai na'ura ta ɗora wa ɗigon da take ciki cajin lantarki ta karkatar da shi wani mazubi. Dacewar takan kai kusan kashi 90 cikin 100. Masu shanun madara, da karsana suke nema ba ɗan maraƙi ba, sun rungumi abin tun farkon shekarun 2000. An gwada shi a wapiti a Amurka, da barewar sika a Chana, inda kiwo don ɗanyen ƙaho ke da dogon tarihi, kuma ya yi aiki.

Abin da ya hana shi yaɗuwa a gonakin barewa kuɗi ne da yanayin dabbar. Saniya ana iya ɗura mata a kowane wata, in bai kama ba a sake bayan mako uku. Barewa kakar barbararta gajeriya ce, a Niyu Zilan Maris zuwa Afrilu, ga ta da firgita. Sai an saka mata ƙaramar na'urar sinadari ta kwana 12 ko makamancin haka don mata su shiga neman namiji tare, a cire, a jira kwana biyu da 'yan sa'o'i, sannan ƙwararre ya zo ya ɗura. Maniyyin da aka tace kuwa ƙwayoyinsa kaɗan ne, kuma sun sha wahalar na'ura, don haka bai kai na yau da kullum kama ciki ba. Wadda ba ta kama ba sai a sake mata namiji ya hau ta, ta haihu a makare, a kuma koma rabi da rabi. Lissafin yana fita ne ga masu sayar da iri, waɗanda namiji ɗaya mai kyan ƙaho zai iya biyan kuɗin aikin duka. Mai kiwon nama kuwa, in ya samu ƙananan matan garkensa 'yan wata 16 sun kai kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin manya kafin a sake musu namiji, don su kama ciki a zagayen farko, ya kuma bar musu doguwar ciyawar ɓuya a filin haihuwa, mazan da zai ƙirga a rumfar yaye za su ƙaru, ko da adadin da aka haifa bai gusa daga rabi ba.